Kafin Inji Ya Ɗau Zafi

Gangare, Jos
7 ga Fabrairu, 2016

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da maigidanki, ya karatunsa, ya zafin garin naku. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da take tuna min shekaruna duk safiya. Kunnen ma yana nan yadda kika bar shi, shi ya sa ba na son wayar nan taku, ke kina magana a Malesiya ni ina ta "na'am? na'am?" a Jos. Na rubuta da hannuna, Gwaggonki Hureira za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki.

Ɗan'uwanki Ubale ya dawo daga saro kayansa, ya kawo min hula da man zafin da kika aiko. Allah ya yi albarka. Amma ya haɗo min da labarin da ya hana ni sakewa. Ya ce ranar da mijinki Abdulgani ya kai ku kasuwar yadi da safe, yana murza makulli sai ya sa giya ya ja mota, ko minti ɗaya bai ba ta ba. Shekara talatin da biyar na yi ina tuƙa motar ma'aikata, ban taɓa ɗaga ƙafa daga kuloci ba sai inji ya yi minti goma yana ɗumama. Kin sani, a gabanki aka yi. Mutumin da ba ya tausayin inji mai sanyi, ni ba na sakin jiki da tausayinsa a kan komai.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi damuna. Ubale ya ce bayan ya ja motar sai ya dinga rarrafe da ita, har masu keke suna wuce ku. Abdulganin da na sani shi ne wanda na ƙwace wa makulli a satin bikinku, don ya taho daga Bauci cikin awa ɗaya yana dariya. Mai gudu ba ya zama mai rarrafe haka kawai, sai in wani abu ya same shi.

Amana na ba shi da na bar shi ya tafi da ke bayan duniya. In akwai abin da ake ɓoye min game da shi, gida za ki dawo har sai na gan shi da idona. Ki ba ni amsa.

Mahaifinki,
Maitama

*

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
10 ga Fabrairu, 2016

Baba,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ka da kyau, ya ƙarfin jiki, ya gwiwar. A dinga shafa man bayan wanka da ruwan ɗumi, ba a ajiye shi a kan kwaba ana kallo ba. Mu nan lafiya ƙalau. Malam yana gaishe ka, yana fama da babi na huɗu na rubutun digirinsa.

Baba, wallahi na yi dariya da na karanta takardarka. Ubale dai ba ya rabuwa da halinsa, kwana biyar ya yi yana cin shinkafar mamak, irin ta Indiyawan nan, a gidanmu, ashe lissafin tuƙi yake yi.

Maganar ɗumama mota, nan ba a yi. Mu ma da muka sayi motar nan tamu, Proton, Malam kullum sai ya bar ta a silo minti goma a ƙarƙashin benenmu, yana ba ta wuta irin naka. Wata tsohuwa da ke hawa na farko ta kai ƙararmu wajen masu kula da gidan, wai hayaƙi yana shigar mata ɗaki. Da ya kai motar sabis, makaniken, wani ɗan China, ya ce masa motocin yanzu masu injekta ba irin na kafireto ba ne. A silo inji ba ya saurin yin zafi, fetur ne kawai yake ƙonewa, wani ma yana wanke baƙin man da ke jikin fistin. Abin da ake yi shi ne ka tayar, ka jira rabin minti baƙin mai ya zagaya, sannan ka ja a hankali. Ba a take totur, ba a barin allurar gudun inji ta wuce dubu biyu da ɗari biyar, ana sauya giya da wuri, ba a fizgar mota a hawa. Haka za ka lallaɓa ta har allurar zafi ta tashi zuwa tsakiya. Malam ya tambaye shi ko da sanyin safiya haka ne, ya ce "Boleh, boleh," wato babu komai.

To abin da Ubale ya gani ke nan. Tausayin injin ne ya sa yake tafiya a hankali, ba rashinsa ba. Ko ranar da za mu asibiti haka yake yi, sai dai mu fita da wuri.

Ka kwantar da hankalinka. A gaida Gwaggo.

Ƴarka,
Ruƙayya

*

Gangare, Jos
19 ga Fabrairu, 2016

Uwata,

Bayan sallama da fatan alheri. Gwiwa da sauƙi, man yana aiki. Na jinkirta amsa ne don ba na son in yi magana a kan abin da ban bincika ba.

Na ɗauki takardarki na je gareji wajen Fatihu, wanda ya gaji ubansa a gyaran motocin zamani. Na karanta masa bayanin ɗan Chinanku ina jiran ya yi tsaki, sai ya ce duk gaskiya ne. Ya ce su ma abin da suke gaya wa mutane ke nan, ba a ji ne. Bai min daɗi ba, amma na karɓa. Ki gaya wa mijinki a wannan ya ci.

Sai dai na yi wa Fatihu tambaya ɗaya: minti nawa inji yake ɗauka kafin ya yi zafi in ana tafiya? Ya ce a sanyin Jos, goma. A gari irin naku da ake gumi da asuba, biyar ma ya yi yawa.

Na sa aka kira min Ubale na zaunar da shi. Daga gidanku zuwa kasuwar yadin ta Masjid India ya ce tafiyar minti goma sha biyar ce in babu cunkoso, kuma ranar Lahadi ce, titi fayau. Minti arba'in da biyar kuka yi. A gaba ya zauna, yana ganin allurar zafi ta kai tsakiya tun ba ku fita unguwa ba, amma mijinki bai ƙara wuta ba. Duk tudun rage gudu sai ya tsaya cak, ya hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Kwana kuwa sai ka ce yana ɗauke da kwanon miya a cinya. Ubale ya ce mutanen garin ba sa danna hon, amma ranar sai da suka danna muku. Wane inji ne yake yin minti arba'in da biyar yana sanyi? Kuma ina ruwan inji da tudu?

Ni direba ne, Uwata. Mutum uku na sani da suka koma irin wannan tuƙin. Na farko idonsa ne ya fara mutuwa yana ɓoyewa don kada a karɓe motar. Na biyu maganin tari yake sha. Na uku ya taɓa kaɗe yaro, tun daga ranar tsoro bai sake shi ba. Ciwon suga kuwa yana gidan su Abdulgani, shi ya makantar da kawunsa.

Sannan ga wani layi a takardarki da na karanta sau biyar: "ranar da za mu asibiti." Ba ki ce ranar da muka je ba. Zuwa ne da ake maimaitawa. Me yake damunsa da ake kai shi asibiti ba a gaya min ba? Kuma in idon ne, da wane dalili kike shiga motar da yake ja?

Ba na son bayanin makanike a wannan karon.

Maitama

*

Pantai Dalam
21 ga Fabrairu, 2016

Gwaggo,

Wannan taki ce ke kaɗai. Don Allah kada ki karanta ta inda Baba yake, kin san ko ba ya ji yana karanta fuska.

Ina wuni, ya gida, ya haƙuri da Baba. Gwaggo, na shiga tsaka mai wuya. Malam lafiyarsa ƙalau, idonsa ya fi nawa. Ni ce ake kaiwa asibiti. Ciki ne, wata huɗu da sati biyu.

Kin san yadda biyun farko suka tafi. Na farkon kowa ya ji, har kaya aka fara saye. Na biyun kin ga yadda jinin Baba ya hau, kwana uku ba ya cin abinci, kuma bai iya ce min komai ba, ni ma ban iya ce masa ba. A wannan karon likita ta ce bakin mahaifar ne yake buɗewa da wuri, ta yi min ɗinki wata guda da ya wuce. Ta hana ni ɗaukar nauyi, ta hana ni tsayuwa mai tsawo, ta hana ni doguwar tafiya. Girki ma na daina, kullum sai Malam ya yi mana tapau, wato ya sayo abinci a hanya, ya shigo da leda.

Tun ranar ɗinkin ya koma wannan tuƙin. Likita ba ta ce ya yi haka ba, ni ma na ce masa ya yi yawa, amma ba ya ji. In muka hau tudu sai ya kalle ni ta madubi, ya ce, "Kin ji wani abu?" Ranar da muka ɗauki Ubale na kwanta a baya na ce kaina ke ciwo. Da Ubale ya tambayi dalilin rarrafen, maganar makaniken ce ta zo bakin Malam, ya faɗa. Gaskiya ce, amma ta minti biyar ɗin farko ce kawai. Ni ma ita na rubuta wa Baba, na manta direba nake rubuta wa.

Yanzu Baba ya mai da mijina makaho ko ɗan maye. Malam ya karanta takardar, ya ce in bar shi a haka, gara a zarge shi da a tayar wa Baba da hankali. Abin ya ƙona min rai, don bai cancanci haka ba. Amma ta yaya zan buɗe baki in gaya wa Baba ina da ciki? Ko sunana ba ya iya kira. Kuma in na faɗa, wannan ma ya tafi fa? Ina jin tsoro, Gwaggo. Ke kika raine ni, ki gaya min yadda zan yi. So nake a kai wata bakwai tukuna.

Ki yi min alkawari ba za ki faɗa ba.

Ruƙayya

*

Gangare, Jos
6 ga Maris, 2016

Uwata,

Sallama. Ina lafiya.

Kwana goma sha shida ba amsa. Abin da na samu kawai hoton takardar gwajin ido da mijinki ya turo wa Hureira, da gaisuwa layi biyu. Ban tambaye shi takarda ba. Wanda aka yi wa tambaya uku ya amsa ɗaya da hatimin likita, ya nuna min inda zan duba ke nan. Hureira kuma, wadda bakinta ba ya hutawa, duk lokacin da na ambace ku sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Kun haɗa kai, na gani.

Ubale zai koma saro kaya ranar ashirin ga wata. Na ce ya shirya miki kujera a jirgin da zai dawo da shi. Ki haɗa kayanki. Ba raba ku na yi ba, in mijinki ya gama karatu ya zo ya same ni mu yi magana ido da ido. Amma ba zan zauna a nan ina jiran a bugo waya a ce min mota ta faɗa ƙarƙashin gada da ke a ciki ba.

Ban taɓa ba ki umarni kin ƙi ba. Kada ki fara yanzu.

Maitama

*

Gangare
9 ga Maris, 2016

Ruƙayya ƴar gidana,

Ya jikin, ya mai nauyi. Ina fatan kina kwance kina karanta wannan, ba a tsaye ba. Mu lafiya.

Na karya alkawari. Ki yi fushin ki gama, ni dai na faɗa. Jirgi awa goma sha biyar da ɗinki a jiki, kuma na san ki, in Yaya ya ce taho sai ki taho kina kuka. Ba zan zuba ido kunya ta kashe min jika ba. Ku duka biyun halinku ɗaya, kowa yana kare ɗan'uwansa da shiru har ku kusa halaka juna.

Jiya bayan la'asar na same shi yana goge tsohuwar Fijonsa, wadda ko taya ba ta da shi. Kin san magana da Yaya sai da ihu, kuma wannan ba maganar da maƙwabta za su ji ba ce. Sai na rubuta a bayan kwalin shayi na miƙa masa. Na sa komai, watannin, da ɗinkin, da abin da likita ta hana, da dalilin rarrafen mijinki. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Na zaci zai yi faɗa a kan an ɓoye masa. Bai yi ba. Tambaya ɗaya ya yi min, wai tsakanin gidanku da asibitin minti nawa ne. Na ce ina na sani, ni na taɓa zuwa?

Daga nan ya buɗe motar ya shiga ya zauna a kujerar direba, hannu a kan sitiyari, har aka kira magariba. Ban taɓa ganin ya makara sallar jam'i ba sai jiya.

Yau da safe ya aika wa Ubale cewa a fasa. Ya kuma ba ni wannan takardar a ninke, ya ce ta mijinki ce, ba taki ba, in ɗauki hoto kada in karanta. Na ɗauka ina kallon gefe, don haka in ta karkace ku yi haƙuri. Ke ma kada ki karanta sai in shi ya ba ki.

Ki dinga cin abinci. Abincin leda ba abinci ba ne, ki nemi matan ƴan Kano da ke kusa da ku su dinga yi miki tuwo.

Gwaggonki,
Hureira

*

Gangare, Jos
9 ga Maris, 2016

Abdulgani,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya iyali. Allah ya raba lafiya.

Na zalunce ka. Na kira ka makaho, na kira ka mashayi, ka karanta ka yi shiru don kada jinina ya hau. Ka yafe min. Tuƙinka daidai ne, ka ci gaba da shi, duk mai hon ya yi ta yi.

Akwai abin da zan gaya maka wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Hureira.

A Disambar 1991, matarka tana da shekara uku, mahaifiyarta Mubina tana da cikin na biyu. Bayan sallar asuba jini ya ɓalle mata. Motar ofis tana hannuna, Fijo 504, ta kwana a waje cikin sanyin nan namu. Muka kwantar da ita a kujerar baya. Na ja cok, abin da ke ƙara wa inji mai in yana sanyi, na murza makulli, bugu ɗaya ta tashi. Sai na tsaya ina ɗumama ta. Na gaya wa kaina tsoro nake kada ta mutu min a hawa, amma gaskiya hannuna ne ya yi abin da ya saba, ido a kan allura ina jiran ta motsa. Mubina ta ce, "Malam, mu je mana." Na ce, "Bari ta ɗan yi zafi." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Mun isa asibiti da ranta, ba ta kai azahar ba, ita da abin da ke cikinta.

Mutanen gida sun ɗauka motar ce ta ƙi tashi, ni kuma na bar su a haka. Babu likitan da ya ce min minti goman nan ne, kuma na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma na san motar za ta tafi da cok a jaye in na lallaɓa ta. Na sani tun ranar. Shekara ashirin da huɗu ina yi wa yara faɗa a kan ɗumama mota, ina zafafawa, don in ba dole ba ne, to me na tsaya yi? Da Fatihu ya ce min ɗan Chinanku ya yi gaskiya, ba motarka nake tunani ba. Haushin da na ji a kanka na sauke shi.

Ga abin da nake so. Kullum tanki ya kwana da mai fiye da rabi. Ka ajiye motar tana kallon ƙofar fita, ba sai ka yi ribas ba. Makulli ya zauna wuri ɗaya da kowa ya sani. Ka bi hanyar asibitin sau biyu ko uku kai kaɗai, ka san wata hanyar in waccan ta cushe, ka rubuto min minti nawa ce kowacce.

Duk sauran ranaku ka yi yadda makanikenka ya ce, rabin minti, sannan a hankali. Amma ranar da ta ce maka "mu je", ko da wane lokaci ne, kada ka kalli allura, kada ka jira rabin mintin ma. Ka murza ka sa giya ka tafi. In injin zai buga, ya buga a ƙofar asibiti.

Ita kuma ka ce mata na ji, ba sai ta rubuto min komai a kai ba. In an sauka lafiya, kai za ka bugo waya. Ka ɗaga murya sosai, zan ji.

Surukinka,
Maitama